Amsa: Ina aka kwana kan shirin UBE?

Malam, ka tambaya ko shirin ilimi kyauta na matakin farko, wato UBE, ya tsinana wani abu a Najeriya. An taɓuka, amma da sauran rina a kaba. Obasanjo ya ƙaddamar da UBE a Sakkwato a 1999, dokarsa ta fito a 2004: shekara 9 kyauta kuma dole, firamare 6, ƙaramar sakandare 3.

Gwamnatin tarayya na ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta domin shirin, amma sai jiha ta ajiye kwatankwacin abin da za a ba ta kafin ta karɓa. Nan gizo ke saƙar. Jihohi da dama ba sa ajiyewa, kuɗin na kwance a UBEC, hukumar tarayya mai kula da shirin. Ajin 'yata kuwa, a ƙasa yara ke zama, allon ma ya koɗe.