Amsa ga Maman yara: a fara da shamuwa da gawo

Hajiya, kin tambaya me za ki yi wa yaranki a nan Daura su daina harbin tsuntsaye da danƙo, su so halittun Allah. Ni dai ba na ganin sai an kai su gidan zoo na Kano. Shamuwa ta ishe ki. Idan bazara ta yi nisa, ki sa su lura da ranar da za ta fara sauka kan bishiyoyin unguwa, su rubuta, sannan su ƙirga kwanakin da za a yi kafin ruwan farko. Yaron da ke jiran tsuntsu da wuya ya harbe shi. Ki nuna musu tana cin fara da tsutsotsin gona.

Sai gawo. Ki kai su gona da damina su ga ya kaɗe ganye lokacin da kowace bishiya ta yi kore, shi ya sa gero ke kyau a ƙarƙashinsa. Kowane yaro ya dasa bedi ɗaya da sunansa, amma a kewaye da ƙaya, don awakinmu ba su da kunya. Dajin Rugu kuwa, a bar shi tukuna saboda tsaro.