Raba intanet daga laftof zuwa kwamfutar gida, wai sai an kashe fayawol?

Tambaya: Salamu alaikum malam. Ina da laftof mai Windows 10 da nake soka ma modem, ƙanena kuma yana da kwamfutar tebur da ba ta kama wayfay. Wani mai gyara ya ce ba za su haɗu ba sai na kashe fayawol da antibairos, wato masu tsare kwamfuta daga kutse da muggan manhajoji, in sa wata manhaja da zai tura min ta filash. Hankalina bai kwanta ba don da laftof ɗin nike shiga banki. Daga Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gara da ka tambaya kafin ka ba shi filash ɗin. Ba ka buƙatar manhajar kowa, Windows na wannan aikin da kanta tun 1999. Nemi igiyar LAN, wato wayar da ake haɗa kwamfuta da kwamfuta, ka haɗa su, ka danna maɓallin Windows da R ka rubuta ncpa.cpl, ka buɗe bayanan modem ɗin (Properties), a shafin Sharing ka yi tik a akwatin farko ka zaɓi Ethernet. Laftof ɗinka zai ɗauki lambar adireshi 192.168.137.1, shi zai ba kwamfutar ƙanenka tata lambar. In ta ƙi, galibi wani ne ya taɓa rubuta mata lamba da hannu, sai ka mayar da ita otomatik. In kuma ta yanke bayan ka kashe ka kunna, cire tik ɗin ka mayar.

To maganar kashe fayawol, wallahi kullum sai na ji ta kuma ta ishe ni. Mutum ya kasa gane matsala sai ya ce a kashe tsaro, kamar wanda mabuɗi ya gagare shi sai ya cire ƙofar gidan gaba ɗaya ya ce ai ga shi an shiga. Fayawol ɗin Windows ba ta hana wannan rabon, ita da kanta take buɗe hanyar da ake buƙata da ka yi tik ɗin nan. Kuma ka lura, laftof ɗinka ne ke bakin hanya, komai ta kansa yake bi. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, ta ƙofar sadarwa mai lamba 445 take shiga ba sai mutum ya danna komai ba, irin ƙofar da fayawol ke tsarewa ke nan. Ita kuma manhajar da zai tura ma ta filash, duk wadda ta ce sai ka kashe antibairos kafin ta hau ai ta riga ta faɗa maka ko wace ce ita, kai kuma ga lambar sirrin banki a ciki, haba malam.

Data dai taka ce ke tafiya, ka shiga saitin kwamfutar ƙanenka ka nuna mata layin na awo ne (metered connection) don kar sabuntawar Windows ta cinye ta cikin dare. Kuma da zafin garin nan kar ka bar laftof kan katifa yana aiki wuni guda, ɗora shi kan tebur ya sha iska.