Zauren Lissafi: Me ya sa (x − 3) ke tura giraf dama, alhali debewa ce?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina SS2 ne a Gusau, don Allah akwai abin da ya ɗaure min kai tun zangon da ya wuce. Malaminmu ya ce in aka ba mu y = x² + 3 to giraf ɗin y = x² za mu ɗaga sama taki uku, wannan na gane, ƙari ne ya hau sama. Amma da ya zo kan y = (x − 3)² sai ya ce wai dama za a matsa da shi, ni kuma ina ganin ai debewa ce kuma lambobi masu alamar debewa a hagu suke, to ta yaya zai tafi dama? Na haddace dai amma raina bai kwanta ba, ranar gwaji ma rikicewa na yi na zana a hagu. Daga wata ɗaliba.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi albarka. Na ji daɗi da kika ce ranki bai kwanta ba, don da yawa haddacewa suke yi su wuce, sai ranar jarrabawa haddar ta gudu ta bar su. Ajiye biro tukuna mu je tasha.

Motoci biyu ne za su tashi daga Kano zuwa Maiduguri, kowacce na gudun kilomita 80 a awa. Ta farko ta cika da wuri ta tashi, mu kira lokacin tashinta sifiri, to bayan awa t ta ci kilomita 80t. Ta biyu ba ta samu fasinja ba sai da ta yi awa uku tana lodi, ita in agogo ya nuna awa t ba tafiyar awa t ta yi ba, sai an cire ukun da ta ɓata a tasha, wato ta ci 80(t − 3). Kin ga debewa ta shigo biraket ke nan. Yanzu a awa ta biyar ina take? 80 sau 2, kilomita 160, daidai inda ta farko ta wuce tun a awa ta biyu. Duk garin da ta farko ta ratsa ita ma za ta ratsa shi, sai dai bayan awa uku, kuma a takardar giraf lokaci dama yake tafiya, abin da ya zo a makare a dama ake samunsa. To wannan debewar makara ce, ba komawa baya ba ce.

Dawo kan namu. y = x² siffar ƙwarya gare shi, gindinta na zaune a x = 0 don a nan ne sukwaya ɗin ke ba da sifiri. A (x − 3)² kuwa in kika sa x = 0 tara za ki samu, ba gindi ba ne, sai x ya kai 3 kafin cikin biraket ya zama sifiri. Sa 4 ki samu 1, sa 2 ki samu 1, sa 5 ki samu 4, ƙwaryar nan ce dai ba ta ƙara faɗi ba ba ta ragu ba, an ɗauke ta ne an ajiye taki uku a dama.

Abin da nake gaya wa ɗalibaina kullum, kar ki kalli alamar ki yanke hukunci, tambayi kanki, wane x ne zai mayar da cikin biraket sifiri? In (x + 5)² ne amsar −5 ce, ƙwarya ta koma hagu taki biyar. Ita kuwa lambar da ke wajen biraket ba ta da wannan ɓoyon, an riga an gama lissafi an samu y sannan aka ƙara masa, shi ya sa +3 ke hawa sama −3 ke sauka ƙasa kai tsaye.

Kuma ba ƙwarya kaɗai ba, duk iyayen giraf, wato giraf na asali kafin a matsa su, haka suke. y = |x| mai kama da bakin gwafa, y = √x da ke tashi daga sifiri ya kwanta dama, y = 1/x mai reshe biyu da ba ya taɓa layin x ko layin y. In kika ga y = 1/(x − 2) + 1, layukan nan biyu da ba ya taɓawa su ne suka tashi, ɗaya ya koma x = 2 ɗayan ya koma y = 1, sai ki ja su da ɗigo-ɗigo ki zana reshen biyu a sabon gidansu.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, ni WAEC zan zana bana. Matsalata su ba sa ba mu da biraket a shirye, sai ka ga y = x² − 6x + 11, to a nan ina zan ga an matsa dama ko hagu? Sannan in abubuwa suka taru kamar y = −2(x + 1)² + 8 wanne zan fara? Daga wani ɗalibi a Azare.

AMSA: Barka kadai ɗana. Biraket ɗin yana nan, buɗe shi aka yi, kai za ka mayar. Ɗauki rabin lambar da ke manne da x, rabin 6 uku ne, rubuta (x − 3)². In ka buɗe wannan zai ba ka x² − 6x + 9, mu kuma 11 muke da ita, saura 2 ke nan, saboda haka y = (x − 3)² + 2. Gindin ƙwarya na (3, 2), kuma tunda gindin ma yana saman layin x, bakin ƙwaryar kuma sama yake kallo, ka riga ka san ba zai taɓa yanka layin x ba tun kafin ka ɗauki fensir. Wannan dabarar ta cike sukwaya tsohuwa ce sosai, masanin lissafi Al-Khwarizmi ya yi bayaninta a Bagadaza tun ƙarni na 9, kuma shi da zanen murabba'i na gaske yake yi, ya ga kusurwar da ta rage ya cike ta, daga kalmarsa al-jabr ma aka samu aljebra ɗin da ake ba ku.

Ta biyun ita ce inda mutane ke faɗuwa. Bi tsarin da za ka bi in lamba aka ba ka ka sa a wurin x, ai ƙara 1 za ka fara yi, ka yi sukwaya, ka ninka da −2, a ƙarshe ka ƙara 8. Giraf ma haka. Hagu taki ɗaya, sai ka ja shi ya yi ninki biyu a tsaye ya ƙara tsukewa, alamar debewa ta kife ƙwaryar, sannan ka ɗaga ta taki takwas. In ka yi gaggawa ka ɗaga kafin ka ninka, takwas ɗin ma za ta ninku, sai ka tsinci ƙololuwar a −16 can ƙasa maimakon 8 a sama.

Ni ba na zana giraf huɗu ɗaya bayan ɗaya, takarda ƙazancewa take yi. Ɗigo uku ko huɗu nake ɗauka daga uwar, wato y = x², in bi su. (0, 0) ya koma (−1, 8), nan ce ƙololuwa. (1, 1) kuwa x ɗinsa ya ragu da ɗaya ya zama 0, y ɗinsa −2 sau 1 a ƙara 8 ya zama 6, wato (0, 6). (2, 4) ya koma (1, 0), ɗan'uwansa (−2, 4) ya koma (−3, 0). Ka ga ka samu inda ya yanka layukan biyu duka ba tare da wata doguwar fomula ba.

Amma ka ji da kyau, in tambayar WAEC ta ce ka kwafi tebur ka cike sannan ka zana da ma'aunin santimita 2, to ka cike teburin nan tsaf, akwai maki a kansa kuma ba za a ba ka don ka san dabara ba. Amfanin dabarar a wurin shi ne ta tsare ka, in ka san kifaffiyar ƙwarya za ta fito sai ka ga ɗigo ɗaya ya fita daga sahu, ka san a nan ka yi kuskuren alama, ka koma ka gyara.

TAMBAYA: Salam Malam. Ina aji ɗaya a jami'a, an ba mu y = √(2x − 6) na ce an matsa dama taki shida, aka soke min. Ina laifina? Kuma y = sin 2x ni na ɗauka faɗi zai ƙara tunda ninkawa aka yi.

AMSA: Wa alaikas salam. Laifin ƙarami ne amma yana cin maki. Yi tambayar da na ba 'yar'uwarka a sama, wane x ne zai sa 2x − 6 ya zama sifiri? Uku ne ba shida ba. Fitar da 2 ɗin waje ka gani, √(2(x − 3)), matsawar taki uku ce, ita 2 aikinta daban, matse giraf ɗin take yi ta kwance ya koma rabi. Duk lokacin da x ke da lamba manne a gabansa, fitar da ita tukuna kafin ka karanta matsawa.

Batun sin 2x shi ma koma wa motar nan. Ninka x da 2 kamar direba ne ya ninka gudu, tafiyar da sin x ke yi a digiri 360 kafin ya maimaita kansa shi sin 2x a 180 zai gama ta, to a fili ɗaya za ka ga tudu biyu a inda da ɗaya ne, ya matsu ke nan. Mai faɗaɗawa shi ne sin(x/2), wanda sai ya kai 720. Tsayin tudun kuwa bai canja ba, yana tsakanin 1 da −1, sai in a waje aka sa lambar kamar 2 sin x. Wannan ba abin allo kaɗai ba ne, wutar lantarkin da ke zuwa gidajenmu a Najeriya da Nijar irin wannan igiyar ce, tana zagayowa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, in ka zana su tare za ka ga tasu ta fi matsuwa.

Ka kuma kula da inda alamar debewa ta zauna. −√x kifewa ne ƙasa, √(−x) kuwa juyawa ne hagu kamar a madubi, giraf ɗin ya koma ɓangaren da x ke ƙasa da sifiri. Da x² ba za ka ga wannan juyin ba don hagunsa da damansa iri ɗaya ne, shi ya sa da yawa ba sa lura da shi sai sun haɗu da sukwaya rut.

TAMBAYA: Malam ni uba ne, yarona ya ce akwai manhaja a waya da ke zana giraf, in bar shi ya riƙa amfani da ita ko za ta kashe masa zuciya?

AMSA: Alhaji a bar shi, amma da sharaɗi. Desmos da GeoGebra duk kyauta ne kuma suna da kyau ƙwarai, in ya rubuta y = a(x − h)² + k manhajar za ta ba shi damar jan a da h da k da yatsa yana kallon ƙwaryar na tafiya, abin da mu sai da muka cinye alli da yawa kafin mu gani. Sharaɗin shi ne ya fara zanawa a takarda, ya faɗi inda giraf zai zauna, sannan ya buɗe waya ya duba, don ba za a bar shi ya shiga ɗakin jarrabawa da ita ba. Ku gwada shi da wannan yau da daddare, y = −|x + 2| + 3. In ya ce gwafa ce a kife, tsininta a (−2, 3), ta yanka layin y a 1, ta yanka layin x a −5 da 1, to ku miƙa masa wayar.