Allon zamiya yana ƙwace mini a kwanar diddige: laifin maɗauri ne ko na gangara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a birnin Innsbruck na ƙasar Ostiriya. Na ɗan jima ina wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara da allo mai faɗi da takalmi mai laushi. Bana na sayi na hannu irin na masu tsere, siriri mai tsawon santimita 175, da takalmin roba mai tauri. Na ɗaura maɗaurin ƙafar gaba a digiri 40, na baya a 30. In na kwanta ta ɓangaren yatsu allon yana yanka lafiya, amma ta ɓangaren diddige sai ya kama karkarwa ya ƙwace, in zube da baya. A jajayen gangara, wato masu matsakaicin tsauri, nake yi, galibi da rana bayan na fito lacca. Makon jiya ƙeyata ta bugi ƙanƙara, sai dai hular kwanon ba ta fashe ba. Mene ne gyara? Kuma zan iya ci gaba da sa hular?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara kiyayewa. Bari in fara da tambayar ƙarshe tunda ita ce ba ta jira: wannan hular ta gama aikinta, kada ka sake hawa dutse da ita. Zan dawo kan dalili. Sauran matsalar kuwa, daga bayaninka na hango abu uku sun taru maka a lokaci guda: takalminka ya fi ƙarfin faɗin allon a yadda ka ɗaura shi, gangarar da ka zaɓa ta yi wa mai koyo tsauri, sannan lokacin da kake zuwa shi ne mafi munin lokaci ga irin wannan allo.

Ka ɗauko allon ka dube shi daga sama. Za ka ga ya fi faɗi a hanci da wutsiya, ya tsuke a ƙugu. Wannan lanƙwasar gefen wani yanki ne na babbar da'ira, kuma a allo mai tsawon naka nisan tsakiyar da'irar zuwa bakinta yakan kai mita goma sha wani abu. Sau da yawa an rubuta adadin a jikin allon. Idan ka karkata allon ya tsaya a kan bakin ƙarfensa, nauyinka yana danna ƙugun har ya taɓa dusa, sai allon ya tanƙwaru ya bi da'irar da kansa. Ba kai kake juya shi ba. Aikinka ka kwantar da shi, kamar yadda mai babur ke kwantar da babur a kwana, gwargwadon kwantarwa gwargwadon matsewar kwanar. Wutsiya tana bin sawun da hanci ya buɗe, shi ya sa mai yankan kirki yake barin layi ɗaya siriri a bayansa. Wanda ya saba da allo mai laushi kuwa ƙafarsa ta baya ta saba shurin wutsiya don a juya. Allon tsere ba ya yarda da shuri, da ka yi masa sai ya yi tsalle-tsalle.

To, mu zo kan maɗauri, inda nake zargin rabin wahalarka take. Ƙugun irin wannan allo ba ya wuce santimita 18 zuwa 21, tafin takalmin babban mutum kuwa ya doshi 30. A digiri 40 da 30, diddigen takalminka yana leƙowa waje da bakin allo. Muddin allon yana kwance ba za ka ji komai ba. Da ka kwantar da shi sosai sai diddigen ya riga ƙarfen taɓa dusa, ya ɗaga kaifin sama, shi ke nan ka tafi. Ka gwada a ɗaki: ka sa takalmin a maɗauri ba tare da ƙafarka a ciki ba, ka ajiye allon a ƙasa, ka jingina kwali ko littafi mai kauri a tsaye da bakin allon. In littafin ya taɓa takalmi kafin ya taɓa ƙarfe, ka ƙara kusurwa. Ka yi ta juyawa har yatsu da diddige su daidaita da baki a kowane ɓangare, kada su leƙo, kada kuma su shige ciki da yawa, don in sun shige ƙarfinka ba zai isa kaifin ba. Yawancin mutane a allo mai wannan faɗi suna ƙarewa tsakanin digiri 55 da 60 a gaba, ƙafar baya kuma ƙasa da haka da digiri 3 zuwa 5. Ka tabbata kuma takalmin yana tsakiyar farantin, bai zarce ta yatsu ko ta diddige ba.

Tazarar ƙafafu ka fara da kwatankwacin tsawon ƙasa zuwa ƙoƙon gwiwarka, wanda ga mai matsakaicin tsawo yakan faɗo kusa da santimita 50. In maɗaurinka yana da faifan karkatarwa, ka ɗaga yatsun ƙafar gaba da diddigen ƙafar baya da kamar digiri 3. Wannan ɗan ɗagin yana ba ka damar tsayawa a sake, gwiwar baya ta lanƙwashe ba tare da cinyar gaba ta kama zafi ba. Shawarata da na fi nanatawa ita ce abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Ka sauya kusurwa, ka sauka sau biyu ko uku, ka ji bambanci, sannan ka taɓa na gaba. Ka rubuta lambobin a waya. Wanda ya kwance komai rana ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ne ya gyara ba, wanne ne ya ɓata.

Akwai wani abu da masu sayen na hannu ke rainawa. Maɗaurin allo ba ya sakin ƙafa idan an faɗi, saɓanin na masu zamiya da siraran alluna biyu da sanduna a hannu, kuma haka aka so shi. Mummunan abu shi ne ƙafa ɗaya ta fita ɗaya ta rage, don a lokacin allo mai santimita 175 yana murɗa gwiwa guda da dukkan tsawonsa. Saboda haka ka duba lanƙwasassun ƙarafan da ke riƙe hanci da diddigen takalmi, musamman wurin lanƙwasa, in ka ga tsaga ko kama da zare ka sauya su. Marufin maɗaurin ya riƙa rufuwa da ɗan ƙarfin hannu har ka ji ƙarar kamawarsa. Ka daidaita shi a waje cikin sanyi, ba a ɗaki mai ɗumi ba, domin roba tana ɗan tsukewa in ta sha sanyi. Ka karkaɗe dusar da ta manne a tafin takalmi kafin ka taka. Sukurori kuma ka bi su da sukuddireba kowace safiya. Kaifin allon ka kai shago a wasa maka shi, tsohon allo da wuya a same shi da kaifi.

Ko da maɗauri ya daidaita, kwanar diddige sai ta nemi gyaran tsayuwa. Abin da na fi gani ga waɗanda suka baro allo mai laushi shi ne suna zama kamar za su hau kujera, ɗuwawu ya fita can gefe, ƙafafu su miƙe, ƙirji ya fuskanci kwari. A allon tsere ƙugunka da ƙirjinka suna fuskantar inda yatsun ƙafarka suka nufa, kusan hancin allo. Idan za ka shiga kwanar diddige, ka fara juya kai ka dubi inda za ka, ka kawo hannun baya gaba har ya zo saman gwiwar gaba, ka lanƙwasa gwiwoyi, ka sauke ƙugu zuwa cikin kwanar yayin da kafaɗunka suke a daidaice da gangara. Za ka ji haƙarƙarinka na ɓangaren waje ya matse da ƙugu. In ka ji wannan matsi, kana kan hanya. Nauyi yana farawa a ƙafar gaba, ya dawo tsakiya, ya ƙare a ta baya. Kuma don Allah kada ka miƙa hannu neman taɓa dusa saboda ka ga ƙwararru suna sharar ƙasa da gwiwar hannu a bidiyo. Su ƙasa ce take zuwa ta same su. Mai miƙa hannu kafaɗarsa ke faɗuwa, nauyi ya bar kaifi, wani lokaci har da gocewar kafaɗa.

Atisayen da zan ba ka ɗaya ne. Ka nufi ƙasa kaɗan, ka kwantar da allon a diddige, ka ƙyale shi ya zagaya har ya fara hawa tudu ya tsaya da kansa. Ka waiwaya ka dubi sawunka. In layi ne siriri, madalla. In ya yi faɗi kamar an share, a nan ne ka shuri wutsiya. Wannan atisaye yana koya maka abin da ya fi komai muhimmanci a yanka: ba a rage gudu da birki, ana rage shi da cika kwana har allo ya gitta gangara sosai kafin a shiga ta gaba.

Wannan ne ya kawo mu ga gangara. A Ostiriya da Jamus shuɗiyar gangara ba ta wuce kashi 25 cikin ɗari na karkata, ja tana kaiwa 40, baƙa ita ce abin da ya haura haka. Yanka ba ya cin gudu kamar shara, don haka a jar gangara juyi biyu kacal za ka yi gudun ya fi ƙarfin gwanintarka, jiki ya sandare, allo ya kama karkarwa. Ka koma shuɗiya mai faɗi, ba abin kunya ba ne. Kusa da kai akwai shimfiɗaɗɗun wurare a Stubai da Kühtai. Nordkette da ke saman gari ka bar ta tukuna, ta yi tsaye da yawa ga wannan aiki. Lokaci kuma shi ne da sassafe. Da dare motocin daddale dusa suke bi su baje ta su bar mata ƙananan layuka, kuma sa'o'i biyun farko bayan an buɗe su ne rabon mai yanka: dusa a daddale, kaifi yana shiga ya riƙe. Zuwa azahar dubban mutane sun kankare saman, sun tara tsibi-tsibi a nan, sun bar ƙanƙara mai sheƙi a can. Dusar inji ta fi ta sama tauri da saurin zama gilashi. A watan Maris kuma abin yana juyewa, da safe a daskare, da rana ta jiƙe ta yi laushi, musamman gangarar da ke fuskantar kudu. A irin wannan laushi hancin allon tsere yana iya nutsewa ya tanƙware ya wurga ka ta sama, kuma wannan faɗuwa ce da ke karya ƙafa. Ranar da aka kwana ana zuba sabuwar dusa, ko hazo ya rufe har ba ka bambance tudu da rami, ka ɗauki tsohon allonka mai faɗi. In laccarka ba ta bari da safe, gara ka ware Asabar ɗaya ka isa kafin a buɗe da ka je rana uku da yamma.

Babban hatsarin mai yanka ba faɗuwa ba ce, karo ne. Kai kana gitta gangara daga gefe zuwa gefe, na bayanka yana saukowa a miƙe bai yi tsammanin za ka dawo gabansa ba, kuma a kwanar diddige bayanka ne ke fuskantar tudu. Dokoki goma na FIS, hukumar wasannin zamiya a dusar ƙanƙara ta duniya, sun ɗora wa mai tahowa daga baya alhakin kauce wa na gaba, amma doka ta biyar ta ce mai shiga gangara, ko mai tashi bayan tsayawa, ko mai haurawa sama, shi ne zai duba sama da ƙasa. Atisayen da na ba ka ya faɗa cikin wannan. Ka jira ayarin da suka sauko daga keken igiya su wuce, ka duba sama, sannan ka tashi. Ranar 1 ga Janairun 2009 Dieter Althaus, firimiyan jihar Thuringia ta Jamus a lokacin, ya yi karo da wata mata a Riesneralm da ke jihar Styria. Yana sanye da hular kwano, ya ji mummunan rauni a ka amma ya rayu. Matar ba ta da hula, ta rasu. Bayan nan ne yawancin jihohin Ostiriya suka wajabta hula ga yara zuwa shekara 15. Jiharku ta Tirol ba ta cikinsu, amma in ka tsallaka mashigin dutsen Brenner zuwa Italiya ka sani tun hunturun 2025 hula wajibi ce ga kowa, babba da yaro, kuma tun 2022 suke neman inshorar biyan diyya in ka ji wa wani rauni.

Dalilin da na ce ka ajiye hularka shi ne abin da ke kare kai ba ɓawon waje ba ne, farin kumfa mai tauri ne na ciki, irin wanda ake cusawa a kwalin talabijin. Aikinsa ya murƙushe ya shanye bugu, kuma in ya murƙushe ba ya dawowa, ko da ɓawon yana sheƙi. Saboda wannan dalili ban yarda da hular hannu ba, don ba ka san bugun da ta sha ba. Ka sayi sabuwa mai tambarin EN 1077 na Turai ko ASTM F2040 na Amurka. Ka auna kanka da tef a saman gira. Ta zauna daidai, yatsu biyu sama da gira, ka girgiza kai igiya a kwance kada ta motsa, ka ɗaure igiyar yadda yatsa ɗaya ko biyu kawai za su shiga ƙarƙashin haɓa. Kada ka sa hular sanyi mai kauri a ciki. Ka tafi da tabaranka shago ka gwada su tare don kada goshi ya rage a buɗe. Masu tsarin MIPS, wanda aka ƙirƙiro a Suwidin, suna da wani siririn faifai a ciki da ke ɗan zamewa don rage murɗawar kai. In aljihu ya ba da dama ka ɗauka, amma daidai da kai ya fi komai.

Ka kuma san iyakarta. Gwajin EN 1077 ana yinsa ne a gudun da bai wuce kilomita 20 a awa ba, mai yanka kuwa cikin sauƙi yake ninka wannan. Michael Schumacher, direban tseren motoci ɗan Jamus, yana da hula a kansa ranar 29 ga Disambar 2013 da ya bugi dutse a Méribel ta Faransa, a gefen gangarar da aka daddale, amma duk da haka ya ji mummunan rauni a ka. Game da bugun da ka sha makon jiya, in har yanzu kana jin ciwon kai, jiri, tashin zuciya, mantuwa, ko haske yana damun idonka, ka ga likita kafin ka sake hawa. Natasha Richardson, 'yar wasan kwaikwayo ta Ingila, ta faɗi a gangarar 'yan koyo a Mont Tremblant ta Kanada cikin Maris 2009, ta tashi tana magana lafiya, bayan kwana biyu ta rasu saboda jini ya taru a cikin ƙoƙon kanta. In kai ko wani ya bugi kai a dutse ya suma ko da na daƙiƙa kaɗan ne, ko ya fara amai ko maimaita tambaya ɗaya, kada a cire masa hula ko a ɗaga shi. Ka kafa allo a sama da shi don masu saukowa su gani, ka kira 140, lambar masu ceto a duwatsun Ostiriya, ko 112.