Abin da za ka shuka a ƙasa marar ƙarfi a Legas

Malam, ka ce bayan gidanka a Ajah yashi ne zalla, alayyahun da ka shuka ya yi rawaya ya tsaya. Ba mamaki, alayyahu mai son taki ne, yashi kuma ba ya riƙe komai, ruwan sama ke wanke abincin shuka ya tafi da shi.

Fara da wake ko gyaɗa. A saiwoyinsu akwai ƙananan ƙulli da ke jawo sinadarin naitirojin daga iska, saboda haka suna ciyar da kansu, su kuma gyara ƙasar. Bayan girbi kada ka ƙone harawar, binne ta a wurin.

Rogo da dankalin Hausa ma suna jure talaucin ƙasa, sai yakuwa da shuwaka. Zogale kuwa shi na fi so maka: ka dasa reshe kawai, cikin 'yan watanni kana tsinkar ganye. Sai dai ba ya son ruwa ya kwanta masa, kuma nan ba Kano ba ce, ruwan Yuni da Yuli yana iya ruɓar da saiwarsa. Ka yi kunya mai tudu ko ka shuka a buhu da ka huda gindinsa.

Idan hanya ta kai ka Agege, nemi kashin shanu wajen 'yan'uwa a mayankar Oko-Oba. Bar shi ya ruɓe tukuna, ɗanye yana ƙona shuka. Allah Ya sa albarka.