Kafin in nema maka gurbi, ka san mene ne IRQ?

Ƙanena, saƙonka ya iso. Kana so in nema maka gurbin digiri na biyu a fannin na'urorin awo, kuma ka ce ka iya kwamfuta sosai. Madalla. Sai dai kowa haka yake rubuto mini, in na tambaye shi IRQ, wato layin da kati ke kiran hankalin kwamfuta da shi, kuma ya yi tsit.

Hotunan da muke turowa ba sa nuna muku kusurwar ɗakin gwaji. A can za ka tarar da na'ura mai tsadar gaske jingine da tsohuwar kwamfuta, a cikinta akwai katin tattara bayanai, wanda ke karɓar sigina daga ma'aunin zafi ko matsi ya mayar da ita lambobi. Ba a taɓa ta, don manhajar ba ta san wani kati ba sai shi. In ya yi gardama, sabon zuwa ake turawa. Ni mai kula da aikina ajiye mini kati da littafinsa ya yi ya juya, ko kallon arziki babu, yana ganin mutum irina bai taɓa buɗe murfin kwamfuta ba. Abin har yau yana cina, ko da yake yanzu ƙofata yake ƙwanƙwasawa.

Irin wannan tsohon kati, wanda ake kira katin ISA, abu uku yake nema: adireshin da manhaja za ta same shi, layin IRQ da zai taɓo furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, in bayanai sun taru, da tashar DMA mai zuba su cikin RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, kai tsaye. Da hannu ake saita su, da 'yan makunnai a jikin katin da 'yan marufai baƙaƙe da ake kifawa kan fil biyu. Abin da ka saita a katin, shi za ka gaya wa direbarsa, wato manhajar da ke sarrafa shi, ba ƙari ba ragi.

Layukan IRQ 16 ne, 0 zuwa 15, kuma yawancinsu da masu su: 0 na agogon tsari, 1 na kibod, 3 da 4 na tashoshin COM da ake jona na'urori ta waya, 6 na filofi, 14 na babban faifan ajiya (hard disk). Kan rage 5, 10 da 11, ita ma 5 katin sauti ya saba zama a kanta. Adireshin 300 da katuna da yawa ke zuwa da shi, tsofaffin katunan netwok ma nan suke so. DMA kuwa 0 zuwa 3 na bit 8 ne, 5 zuwa 7 na bit 16, 4 ba ta kowa ba ce.

In katuna biyu suka hau layi ko adireshi ɗaya, an yi karo ke nan, kuma muguntar karo ita ce ba kullum yake sanarwa ba. Kwamfuta ta sandare tsakar dare, ko ta gama aiki lafiya lau, da safe ka ga giɓi a bayanan. Katunan ISA ba sa raba layi. Katin PCI kuwa, tsarin da Intel ta fito da shi a 1992, yana rabawa, kuma kwamfutar ke ba shi nasa. Inda suka haɗu a kwamfuta ɗaya, shiga BIOS, wato saitin da ake buɗewa lokacin kunna kwamfuta, ka keɓe wa katin ISA layinsa, in ba haka ba a miƙa wa wani.

Don haka nemi tsohuwar kwamfuta. Taɓa ƙarfen jikinta kafin ka taɓa kati. Buɗe Device Manager in Windows ce, ko /proc/interrupts in Linux ce, ka rubuto mini mai kowane layi da waɗanda ke fili. In ka turo, sai mu yi maganar takarda.