Tambaya da Amsa: Kansilanmu ya karɓi kuɗin taki ya yi shiru, ina za mu kai ƙara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Don Allah shawara nake nema. Kansilan mazaɓarmu ne ya zo kafin faɗuwar damina ya ce za a raba takin gwamnati, kowa ya kawo dubu biyar na fom, mu wajen arba'in muka bayar, wasu hannu da hannu wasu ta taransifa, yau ga shi har an yi girbi babu taki babu kuɗi. Da muka same shi a ƙofar gida sai ya hau zaginmu wai mu yi abin da za mu iya, yaransa kuma suka ce sai sun fasa wa ƙanina kai. Matasa sun ce a saka shi a Facebook, dattawa sun ce a bar wa Allah. Wai ana ma kai ƙarar kansila kuwa? Daga wani mai karatu a jihar Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya mayar muku da alheri. Ana kai ƙarar kansila mana, sosai ma, domin ba shi da rigar kariya. Sashe na 308 na tsarin mulkin 1999 shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu kawai ya rufe, ko ciyaman bai shiga ba balle kansila. Abin da na lura yana kashe irin wannan koke shi ne a zuba komai a buhu ɗaya, zagi da kuɗi da tsohuwar gabar siyasa, sai wanda aka kai wa ya ce ai rigimar jam'iyya ce ya ture takardar gefe. To ku rarrabe, a wasiƙarka abu uku na gani kuma kowanne da ƙofarsa.

Maganar fasa kai ita ce ta gaggawa, wannan ta 'yan sanda ce, ka ɗauki ƙaninka ku je caji ofis a rubuta da shaidun da suka ji, in kun ga ana jan ƙafa ku rubuta wa kwamishinan 'yan sanda na jiha. Kar a jira sai jini ya zuba.

Sai kuɗi, kuma nan ne aikin yake. Kafin ku je ko'ina ku zauna ku rubuta sunan duk wanda ya bayar, nawa ya bayar, wace rana, a hannun wa, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Waɗanda suka yi taransifa su ne ƙarfinku wallahi, su je banki a ciro musu sitatimen a ga sunan asusun da kuɗin ya faɗa, in akwai saƙon murya na WhatsApp inda yake cewa a kawo kuɗin fom a adana shi a waya fiye da ɗaya. Sannan ku leƙa sashen gona na ƙaramar hukumar ku tambaya ko an taɓa yin wani fom na taki na dubu biyar, saboda kansila aikinsa dokokin ƙaramar hukuma da amincewa da kasafi da sa ido, raba kaya yawanci yana hannun ciyaman da kansilolin gafaka (waɗanda ake naɗawa su kula da sassa) da shugabannin sassa, kuma amsar da za su ba ku ita za ta nuna ko shi kaɗai ya ci ko da na sama.

Da kun haɗa wannan, tunda a Kano kuke mafi kusa ita ce Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta jiha. Akwai ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci ta tarayya da aka kafa a 2000, dokarta ta ce a ɓoye sunan mai kawo bayani, amma fa ta kuma tanadi hukunci ga wanda ya kai ƙarar ƙarya da gangan, don haka kar wani ya ƙara gishiri, dubu biyar ce a rubuta dubu biyar. Wadda mutane ba su cika sani ba ita ce Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata. Tsarin mulki ya ambaci ciyaman da kansiloli da ma'aikatan ƙaramar hukuma ƙarara cikin waɗanda take iko da su, kuma kotunta na iya sauke mutum daga kujera, ta hana shi riƙe muƙami har shekara 10, ta ƙwace abin da ya tara ta hanyar cin amanar muƙaminsa. Tana da jinkiri, ba zan ɓoye maka ba. Duk inda kuka kai takarda ku tafi da kwafi biyu a buga muku hatimi da kwanan wata a ɗaya ku dawo da ita gida.

Zagin kuwa, ku rubuta wa shugaban majalisar kansiloli ku ba ciyaman da shugaban jam'iyyarsa kwafi. Gaskiya ban cika sa rai su hukunta nasu ba, amma takardar za ta zama shaida cewa kun bi ta gida tukuna. Wasu za su ce a yi masa kiranye, wannan hanya ce mai wuyar gaske, ku tuna na Sanata Dino Melaye a Kogi a 2018 da ya rushe wajen tantance sa hannu.

Facebook ɗin nan ku dakata da shi. A dokar Penal Code da muke aiki da ita a Arewa ɓata suna laifi ne, yaro ɗaya ya rubuta "ɓarawo" sai ka ga shi ne a tsare, maganar takinku ta bi ruwa. Su kuma dattawa kar a yi musu gardama, a roƙe su su raka ku wajen dagaci ko hakimi a kira kansilan a gabansu, sau da yawa nan ake dawo da kuɗi. In ya amsa zai biya, a rubuta ranar biya ya sa hannu, shaidu biyu su sa nasu.